Kaza a Kan Dami: Abin da Masu Ƙaurace wa Nama Ke Nema Yana Jibge a Iyakar Jibiya

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta fito daga Katsina ta ratsa Jibiya, ta bi ta Magama ta shiga Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar har ta dire Maraɗi, kaya iri biyu zai fi gani suna wucewa muddin iyaka na buɗe. Kashi na farko a buhu yake: wake, aya, riɗi, gyaɗa, gero, busasshen zogale da zoɓorodo. Kashi na biyu kuwa mai numfashi ne: shanu, raguna, awaki, raƙuma da jakuna, wasu ana kora su a ƙasa, wasu an cunkusa su a tirela. Mutanen Farfaru da Faru da Gurbin Ɓaure da sauran mazaɓun ƙaramar hukumar Jibiya sun buɗe ido sun tarar da wannan zirga-zirga, da ita suke ci suke sha, shi ya sa rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019, wadda ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, suka taɓa kowace tukunya a yankin.

A wasu biranen duniya, har da Legas da Abuja, akwai mutanen da suka yi wa kansu alkawarin cewa kashi na farko kawai za su ci. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba zuma, kuma ba za su shafa mai ko sabulun da aka azabtar da dabba wajen gwada shi ba. Bahaushe kan ji wannan ya ce aikin wanda ya ƙoshi ne. Akwai gaskiya a zancen, amma wanda ya tsaya a nan ya yi asara. Dokar da suka kafa wa kansu ba ta dace da mu ba, tana ma iya cutar da 'ya'yanmu. Tambayar da ta kai su ga dokar ce ta cancanci a saurara: wace wahala ce ke ɓoye a bayan abin da nake ci da abin da nake shafawa? Wannan tambaya addininmu ya riga su yin ta, kuma mafi yawan abin da suke saye da tsada domin amsa ta yana cikin rumbunanmu, muna raina shi.

Mafarin lamarin

A watan Nuwamban 1944 ne wani malamin sassaƙa ɗan Ingila mai suna Donald Watson ya haɗu da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar Vegan Society, bayan sun ga cewa barin nama kawai bai wadatar ba tunda madara da ƙwai ma ta hanyar tsare dabba ake samunsu. A wannan shekarar kuma wani masani a hukumar abinci da magunguna ta Amurka, John Draize, ya fito da gwajin da ya daɗe ana yi wa kayan kwalliya: a ɗaure zomo, a ɗiga masa sinadari a ido ko a shafa masa a fatar da aka aske, a yi kwanaki ana duba yadda wurin ke kumbura ko ƙonewa. Gwajin ya zo ne domin kare mutane daga kayan shafa masu makantarwa, amma zomaye da ɓeraye marasa adadi suka biya kuɗinsa. Yaƙi da shi ya ɗauki shekaru da dama. A 1996 aka fito da tambarin zomo mai tsalle da ake bugawa a jikin kayan da ba a gwada a kan dabba ba. Tarayyar Turai ta hana gwada kayan kwalliyar da aka kammala a 2004, ta hana gwada sinadaransu a 2009, sannan a ranar 11 ga Maris 2013 ta hana sayar da duk kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabba ko da a wata ƙasa aka yi gwajin. Indiya ta bi sahu a 2014. China, wadda ta daɗe tana wajabta gwajin ga kayan da ake shigar mata, ta sassauta dokarta a 2021.

A Najeriya ma abin ya iso. Tun 2013 Hakeem Jimo ya buɗe gidan abinci na Veggie Victory a Legas, wanda ba a dafa komai na dabba a cikinsa. Amma kada a ɗauka Turawa ne suka fara wannan tunani. Mawaƙin Larabcin nan na ƙasar Sham, Abul Ala'i al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya shekara da dama bai ci nama ko ƙwai ba, bai sha madara ko zuma ba. Kiristocin Habasha mabiya cocin gargajiya har yau suna barin duk abin da ya fito daga dabba a ranakun Laraba da Juma'a da kuma azuminsu na kwana 55. Ashe tausayin dabba ba kayan wata nahiya ba ne.

Abin da ke cikin tukunya

Sabon shiga wannan tafarki a Turai, abu na farko da ake koya masa shi ne ya haɗa hatsi da dangin wake a kwano ɗaya, domin sinadarin gina jiki da ke cikin hatsi yana da giɓin da wake ke cikewa, na wake kuma yana da giɓin da hatsi ke cikewa. Wannan darasi matan Katsina da Maraɗi sun daɗe da haddace shi ba tare da allo ba. Garau-garau shinkafa ce da wake. Ɗanwake garin wake ne da na dawa ko rogo da kuka da kanwa. Ƙosai abokin koko ne, alale abokin kunu. Kwaɗon zogale da na rama ƙuli-ƙuli ke ɗaure su, dambu kuma da zogale da gyaɗa yake tafiya. Miyar kuka da ta kuɓewa da ta yakuwa daddawa ce ke ba su ƙamshi da ƙarfi, ita kuwa daddawa kalwa ce da aka dafa aka rufe ta ruɓa, irin dabarar da mutanen Japan ke yi wa waken suya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, na waken suya ya haura kashi ɗaya cikin uku. Awarar da 'yan mata ke soyawa a bakin tasha da ƙofar makaranta, wadda ake daskarar da madararta da ruwan tsami, ita ce abin da ake sayarwa a manyan kantunan London a madadin nama. Kunun aya da kunun gyaɗa su ne madarar tsiron da ake ɗurawa a kwali ana yi mata talla.

Wannan arziki ba kaɗan ba ne. Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Nijar ke bi mata, kuma wani kaso mai yawa na waken Nijar ta irin wannan iyaka yake gangarowa zuwa kasuwar Dawanau a Kano. Jihar Maraɗi ita ce cibiyar noman aya a Nijar, kuma mutanen Sifaniya, waɗanda ke da nasu kunun ayar da suka shahara da shi, suna sayen aya daga Nijar da Burkina Faso da Mali. Zoɓorodonmu Meziko yake tafiya, riɗinmu Japan da Turkiyya da China. Ruwan da ya fito daga madatsar Jibiya ya bi Gulbin Maraɗi, a kwarinsa ne ake noman zogalen Jiratawa da ya yi suna. Duk da haka, a gidajenmu miyar da ba nama sunanta lami, kuma wanda ya karɓi baƙo da ita sai ya haɗa da ban haƙuri. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Muna fitar da ƙwayar a buhu da araha, wasu su tace ta su sa mata suna, mu kuma mu riƙa jin kunyar cin ta.

Sai dai tsiro ma yana da nasa haɗari idan aka yi masa riƙon sakainar kashi. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda wasu 'yan kasuwa ke zubawa a buhu don tsoron ƙwaro. Wanda Turai ta ƙi, mu muka cinye shi. Alhali maganin matsalar a kusa yake: buhun nan mai ninki uku da ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da guba ba, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007, masu bincike na cibiyar aikin gona ta Nijar da ke Maraɗi na cikin waɗanda suka gwada shi suka tabbatar da ingancinsa. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba kuma takan yi fumfuna mai guba da ke lalata hanta. Wanda ke neman abincin da babu zalunci a cikinsa, da ɗan'adam ɗin da zai ci ya kamata ya fara.

Abin da ke cikin adaka

Haka zancen yake a kayan gyaran jiki. Abu biyu ne mai gudun azabtar da dabba ke dubawa kafin ya saya: kada a ce an gwada kayan a kan dabba, kada kuma a ce akwai wani abu na dabba a cikinsa. Da yawa ba su san cewa jan launin wasu jambaki daga wani ƙwaro ake matso shi ba, cewa maiƙon wasu mayuka daga gashin tumaki yake, cewa wasu sabulai da kitse ake yin su. Musulmi ya fi kowa dalilin yin wannan bincike, domin kitsen da ba a faɗi asalinsa ba yana iya zama na alade ko na mushe. A nan mai neman halal da mai gudun azabtar da dabba hanyarsu ɗaya.

To amma matar da ke sayayya a kasuwar Jibiya ba ta da hanyar tabbatar da tambarin zomo, musamman a kasuwar iyaka inda jabu ke yawo da rigar na gaske. Abin da take da shi ya fi tambari. Man kaɗanya, wanda Najeriya ce ta fi kowace ƙasa samar da ƙwaryarsa kuma manyan kamfanonin duniya ke rububinsa, da man aduwa, da man riɗi, da sabulun salo da ake haɗawa da tokar tsirrai da man kwakwa, da lalle, da kurkur, da dilka da halawar amare, da aswaki, da soson da ke fita a jikin danga: babu ɗaya daga cikinsu da aka ɗiga wa zomo a ido. Kakanni ne suka gwada su a jikinsu, zuriya bayan zuriya. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwaryar kaɗanya na wata shida domin a riƙa sarrafa ta a gida, wanda ke nuna cewa hukuma ma ta fara gane ƙimar abin da ke hannu.

Kada dai son gida ya rufe mana ido. Kwallin dutse babu dabba a cikinsa, amma yakan ƙunshi dalma mai yawa, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar jarirai, kuma mutanen Arewa sun ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fata. Mayukan bilicin masu ɗauke da sinadaran da ke lalata ƙoda da fata, waɗanda hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansu a 2023, ko da an rantse ba a gwada su a kan dabba ba, a kan 'ya'yanmu mata ake gwada su kullum. Haka kuma turarukanmu na gargajiya ba duka suka kuɓuta daga dabba ba: jibda daga jikin dabbar da ake tsarewa a keji ake kankaro ta, farcen da ake sa wa humra da turaren wuta kuma daga wata halittar teku yake. Ma'aunin da ya dace shi ne a tambayi wa abin ya cutar, mutum ko dabba, kafin ya iso hannu.

Jakin da ya zama man shafawa

Idan akwai mai ganin cewa wannan zance bai shafi ƙauyen iyaka ba, ya dubi abin da ya sami jaki. A China ana dafa fatar jaki a fitar da wani danƙo mai suna ejiao, da ake sha a matsayin maganin ƙarin jini, ana kuma sa shi a kayan zaƙi da mayukan gyaran fata. Da jakunan can suka yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. A 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna, bayan ta ga an fitar da kimanin 80,000 tun kafin shekarar ta ƙare, alhali a shekarar da ta gabata gaba ɗaya 27,000 ne. Burkina Faso ma ta hana fitar da fatunsu a wannan shekara. Hanin bai tsayar da fataucin ba, ya dai mai da shi ta ɓarauniyar hanya: jakuna na tsallako iyaka zuwa kasuwanni irin ta Maigatari, a loda su a mota zuwa mahautar Ezzamgbo a jihar Ebonyi. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta cewa ana yanka aƙalla jakuna miliyan 5.9 duk shekara a duniya domin fatarsu. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana wannan ciniki a duk nahiyar.

Jaka tana ɗaukar ciki kusan shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya. Ba dabbar da za a yanka da yawa ta mayar da gurbi da sauri ba ce. Kuma tunda fatar kawai ake so, babu wanda ya damu ko ya sha ruwa a hanya, ko ya karye, ko ya mutu kafin a isa. A ƙauyukan Jibiya da Ɗan Isa jaki ne ke ɗauko ruwa, ya kai taki gona, ya kwaso amfani zuwa gida, ya ɗauki yashi da itace. Idan farashinsa ya fi ƙarfin talaka ko aka sace shi da dare, kayan da yake ɗauka kan mace da yaro suke komawa. Ga shi ƙarara: kwalbar man da wata ta saya a Shanghai ba tare da ta tambayi abin da ke ciki ba ta ƙara wa wata yarinya a Sahel nisan rijiya. Wannan ita ce tambayar da masu gudun azabtar da dabba ke cewa a riƙa yi, kuma mu ne muka fi kowa cin moriyarta da ana yin ta.

Masu cewa ai Allah ya halatta

Ƙorafi na farko na addini ne, kuma mai ƙarfi ne. Allah ya halatta nama, ya shar'anta layya da hadaya da yankan suna, kuma a cikin Suratul Ma'ida ya gargaɗi muminai kada su haramta wa kansu kyawawan abubuwan da ya halatta musu. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa wasu sahabbai da suka yi niyyar tsananta wa kansu, cikinsu har da wanda ya ce ya bar cin nama. Saboda haka duk wanda ya ce yanka dabba domin ci laifi ne a kan kansa, ya yi karo da nassi, kuma ba za a bi shi ba. Amma barin abu daban, haramta shi daban. Annabi bai ci damo ba saboda ransa bai so, Khalid ɗan Walid kuma ya ci a gabansa bai hana shi ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da malamanmu suka fi riƙo da shi, an ruwaito Sayyidina Umar yana gargaɗin mutane game da yawan cin nama, yana kwatanta jarabarsa da ta giya. Nana A'isha ta ba da labarin watannin da sukan wuce ba a hura wuta a gidan Annabi ba, sai dabino da ruwa.

Addinin da ya halatta yankan kuma shi ne ya kewaye shi da sharuɗɗa. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu, na 17 a cikin Arba'una na Nawawi da yara ke haddacewa a Islamiyya, ya wajabta kyautatawa a komai, ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. An hana yi wa dabba lalas a fuska, an hana mai da mai rai abin gwada harbi. Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Wanda ya riƙe halaccin ya saki sharuɗɗan, rabin karatun ya ɗauka.

Masu cewa yaranmu yunwa suke ji

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zafi, kuma a nan ne dole a rabu da masu tsattsauran ra'ayi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan yara shida cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar Katsina sun tsumbure. Ƙungiyar likitocin MSF, wadda ke aiki a jihar tun 2021, ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. Jibiya, inda 'yan bindiga suka hana noma a gonaki da dama suka kore garkuna, tana tsakiyar wannan masifa. A irin wannan wuri, ce wa uwa kada ta ba ɗanta ƙwai ko nono zalunci ne. Akwai sinadarin bitamin B12 da tsirrai ba sa bayarwa, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Ɗan Turai yana cike giɓinsa da ƙwayar da yake saye a kanti, ɗan Farfaru kuwa nono da ƙwai da ɗan kifi ne nasa kantin. Sinadarin ƙarfe na cikin nama ma jiki ya fi saurin ɗaukarsa a kan na ganye.

Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996 kuma aka fara amfani da shi da yawa a yunwar Maraɗi ta 2005, ya isa shaida ga ɓangarorin biyu. Ginshiƙinsa gyaɗa ce, irin wadda muke nomawa. Amma ba ya aiki sai da garin madara. Tsiro ne tushe, ɗan abin dabba ne cikon. Matsakaicin ɗan Najeriya bai cin kilo 10 na nama a shekara, na Amurka yana haura kilo 100. Kiran a rage nama, da hujjar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2013 cewa kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya, irin mutanen Amurka ya kamata ya fi shafa. Gyaran da ke gabanmu na rabo ne. A gidaje da yawa tsokar da ke cikin miya ta maigida ce, yaro sai romo, kuma har yanzu akwai masu camfin cewa yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Babban mutum mai lafiya, musamman mai fama da hawan jini ko ciwon sukari, zai iya rayuwa da wake da awara da zogale ya bar wa mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye ƙwan da nonon. Idan akwai irin barin naman da ya dace da ƙasar Hausa, wannan ne.

Masu cewa za a kashe sana'a

Ƙorafi na uku na makiyaya ne da mahauta da dillalai da masu tsire da kilishi. Su ma suna da hujja, domin kiwon Sahel ba irin na gidajen da ake tsare dubban dabbobi a keji ba ne. Yawancin ƙasar da ake kiwo a arewacin Maraɗi ba ta nomuwa, saniya da raƙumi ne ke mai da ciyawarta abinci. Ko a gona ma ba a raba hanta da jini: harawar wake ce ke ƙiwata ragon layya, dusa da ƙaiƙayi na awaki ne, kashin garken da ya kwana a gona bayan girbi shi ne takin geron baɗi. Wanda ya ce a cire dabba daga wannan tsari, waken da yake yabo ma zai rasa.

Abin da ba shi da hujja shi ne abin da ke faruwa tsakanin kara da mahauta. Tirela takan tashi daga kasuwannin iyaka zuwa Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, da shanu a kwance an ɗaure ƙafafu da ƙahoni, wani kan wani, kwana biyu ko uku cikin rana, sau da yawa ba ruwa ba ci. Wanda ya gaza a hanya a yanka shi cikin gaggawa ko ya zama mushe. Ana karya wutsiyar sa don ya tashi, ana rataye kaji kai a ƙasa a bayan babur, ana wasa wuƙa a gaban akuya, ana yanka wata a kan idon 'yar'uwarta. Wannan asara ce ga mai dukiya tun kafin ta zama zunubi, domin dabbar da ta wahala tana ramewa, namanta na lalacewa, fatarta na faɗuwa a kasuwa. Dokar laifuka ta Arewa ta daɗe da tanadin hukunci kan cutar da dabbobin gida. A 2016 an gwada ɗaukar shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas, an ga yana yiwuwa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma ya ratsa Jibiya, dama ce ta a tanadi taragun dabbobi da wuraren shayarwa tun yanzu. Ma'aikatar kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024 tana da aikin ƙayyade yawan lodi da tsawon tafiya. Amma kafin gwamnati ta motsa, sarkin pawa da sarkin kara da shugabannin direbobi suna da ikon kafa ƙa'ida a kasuwarsu, limamin Juma'a kuma yana da mumbari, musamman a makonnin da ke gaban Babbar Sallah.

Ba a buƙatar kowa a Farfaru ya sauya suna ko ya shiga wata ƙungiya. Abin da ake buƙata sananne ne kuma yana hannu: wake ya shiga buhun da ba guba, aya da riɗi da kaɗanya a sarrafa su a gida kafin su tsallaka iyaka, miyar daddawa ta fita daga jerin abin kunya, ƙwai da nono su fara isa bakin yaro, amarya ta san abin da ke cikin kwalbar da za ta shafa, dabbar da za a yanka kuma ta sha ruwa ta huta. Wasu a tsallaken teku suna neman hanyar ci da ado ba tare da cutar da mai rai ba, har suka kai ga barin halal. Mu an ba mu halal ɗin, an ba mu sharuɗɗansa, an kuma ba mu ƙasar da ke fitar da abin da suke nema. Ranar da za a tambaye mu game da amanar, jakin da aka kai Ezzamgbo da san da ya mutu da ƙishirwa a bayan tirela suna cikin masu ba da shaida.